Jirgin Ƙasan Da Bai Zo Damargu Ba

Ranar da na baje takardu a kan tabarma ina lissafin tafiyarmu ta Umra, ɗana mai shekara 12 yana zaune gefe ya zuba mini ido. Mu uku za mu tafi a babban hutun lakwal, ni da shi da mahaifiyata. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun da sauran wata biyu na jera zangunan a takarda: Tanut zuwa Damagaram a mota, Damagaram zuwa Kano a mota, Kano zuwa Jidda a jirgin sama. Daga nan sai Jidda zuwa Madina, Madina zuwa Makka, Makka zuwa Jidda, waɗannan ukun duk a jirgin ƙasa. Yaron ya ɗora yatsa a kan ukun ƙarshe ya ce, "Baba, ke nan sai mutum ya bar ƙasarsa kafin ya hau jirgin ƙasa?"

Na ce masa e, haka ne. Amma tambayar ta kwana a raina. Shekara da shekaru ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, ina zana wa yara layin dogo a allo, alhali babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa jin kukan jirgi. Duk mutumin Tanut ko Belbeji da ya taɓa shiga tarago, daga kakanninmu har zuwa mu, a ƙasar wasu ya shiga. Kuma duk da haka da wuya a sami wani abu da ya juya arziƙin Damargu kamar wannan jirgin da bai taɓa taka ƙasarta ba.

Yaranmu na yau sun ɗauka Damargu ƙurya ce, wurin da ake turo ma'aikaci in an so a hore shi. A ƙarni na 19 ba haka take ba. Babbar hanyar da ta haɗa Kano da Tarabulus ta nan ta ratsa. Ayari kan tashi daga Kano ya zo Damagaram, ya shigo Damargu, ya hau duwatsun Abzin, ya kai Gat, daga can ya nufi Gadamus ko Murzuk kafin ya ga teku. Tafiyar wata uku ce ko fiye, ban da zaman jira. Abin da ya ba Damargu daraja a wannan hanya shi ne gero. Nan ne wuri na ƙarshe da ake noma sosai kafin a shiga hamada, nan ne kuma na farko ga wanda ya fito daga cikinta. Kel Ewey da sauran Buzayen Abzin da geron nan suke ci, da shi suke zuwa Balma da Fashi su sayo gishiri da dabino. Arewa ake kai gashin jimina da jemammun fatu da hauren giwa, ana kawo yadudduka da takarda da sukari da duwatsun ado. Akwai kuma abin da ba na ɓoye wa ɗalibaina, wato bayi, maza da mata da yara, waɗanda aka kora a kan wannan hanyar da muke alfahari da ita, da yawansu ba su kai ƙarshenta ba.

Wanda ke son ganin yadda Damargu take mararraba ya duba tafiyar Turawan nan uku, Richardson da Barth da Overweg. Sun bar Tarabulus a watan Maris na 1850, ba su iso Damargu ba sai Janairun 1851, a cikin ayarin gishiri. A Tagelel suka rabu. Richardson ya yi Damagaram, sauran biyun suka yi wajen Tasawa, daga nan Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, shi kuma Barth, wanda ya ke kiran kansa Abdul Karim, ya bi ta Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu. Sun yi alkawarin haɗuwa a Kukawa, amma Richardson ya rasu a hanya bai kai ba. Daga ƙauye ɗaya na Damargu hanyoyi suka rabu zuwa Borno da Gobir da Kano, kamar yadda layukan dogo ke rabuwa a babbar tasha.

Shirya irin wannan tafiya ilimi ne mai zaman kansa, kuma madugu ne malaminsa. Shi ya san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya, salka nawa za a cika, wane basarake za a ba gaisuwa, a gidan wa za a sauka a kowane gari. Ya san watan da ake tashi da watan da ba a tashi. Abin da ya fi burge ni a lissafinsu shi ne, ba su taɓa ɗaure zango da zango tamau ba. Kullum akan bar rarar kwanaki da rarar guzuri, domin raƙumi na iya gurguncewa, rijiya na iya ƙafewa, labarin mahara na iya sa a yi mako ana zaune. Wannan zancen rara ku riƙe shi, domin ni da nake koyar da shi na manta da shi a Jidda.

Jirage biyu ne suka nufo wannan hanya, ɗaya a mafarkin Faransawa, ɗaya a aikin Ingilishi.

Na mafarkin shi ya fara. A ƙarshen shekarun 1870 wani injiniya mai suna Duponchel ya yi ta yaɗa ra'ayin a shimfiɗa dogo daga Aljeriya ya ƙetare Sahara, gwamnatin Faransa kuma ta karɓi maganar. Aka tura Kanar Flatters ya duba hanyar da za ta bi ta Hoggar ta gangaro wajen Abzin da ƙasar Hausa. A watan Fabrairu na 1881 Buzayen Hoggar suka kashe shi da wasu daga cikin mutanensa a wata rijiya, tsirarun da suka tsira suka koma arewa da ƙyar. Maganar ta kwanta kusan shekara ashirin. Sai a 1898 Foureau da Lamy suka biyo sawunsa da sojoji, raƙumansu suka yi ta mutuwa, suka maƙale a Abzin wata da watanni, kafin su ratso Damargu su isa Damagaram a watan Nuwamba na 1899. Sun ƙetare hamadar kam, amma tafiyar da kanta ta nuna irin wuyar da mai shimfiɗa ƙarfe zai sha. Aka ci gaba da kafa kwamitoci ana zane-zane. A 1941 gwamnatin Vichy ta sake tayar da aikin, aka tilasta wa fursunoni da ƴan gudun hijira yin ƙwadago a cikin rana, layin ya ɗan wuce Bashar a kudancin Aljeriya ya tsaya. Ko da ya ci gaba ma, a lokacin an riga an karkata zanen zuwa Gawo da kogin Kwara, an bar hanyarmu.

Ingilishi ba su yi mafarkin hamada ba, daga teku suka taho. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 aka buɗe shi sosai ga fasinja da kaya, ya haɗa Kano da Ikko. A wannan shekara ta 1911 kuma Italiya ta afka wa Tarabulus, wato ɗaya bakin hanyar ya kama da wuta daidai lokacin da sabuwar ƙofa ta buɗe a kudu.

A aji mukan taƙaita mu ce jirgin ƙasa ne ya kashe fataucin Sahara. Ni ina ganin wannan taƙaitawa ta yi yawa. Fataucin ya riga ya fara ciwo: hanya ta lalace da hare-hare, Turawa sun ja iyaka tsakanin Kano da Damagaram, cinikin bayi yana mutuwa, sannan a 1914 kasuwar gashin jimina ta rushe a Turai. Abin da jirgin ya yi shi ne ya hana majinyacin tashi. Tunda kayan Manchester na iya zuwa Kano ta teku da dogo cikin makonni, da kuɗin dako ƙasa da na raƙumi, babu attajirin da zai sake jiran wata uku. Har Larabawan Gadamus da ke zaune a Kano suka koma aika fatunsu ta Ikko. Sai yunwar 1913 zuwa 1914 ta biyo baya, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, sai yaƙin Kawsan a 1916 da 1917, wanda bayansa Faransawa suka watsa mutanen Abzin suka ƙwace raƙuma. Cikin shekara shida zuwa bakwai aka yi duk wannan.

Abin da ya kamata yara su gane shi ne, Damargu ba ta motsa daga inda take ba, taswira ce ta juya. Jiya tana tsakiyar hanya, yau ta koma can ƙarshen reshe. Da fuskar ciniki arewa take kallo, yanzu ta koma kudu, kuma duk wanda ya fi kusa da bakin dogo shi ya fi samu. Gyaɗa ta zama sarauniya. Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga Agalawa, mutanen da masana tarihi ke danganta asalinsu da ƙasar Buzaye, ya tashi daga fataucin goro ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano. Dogo ya ƙara miƙo hannu biyu wajen iyaka, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, kamar mai tarar ruwan indararo. Magarya da Matamai da Kance suka samu, domin ƙasarsu na yin gyaɗa. Damargu ba ƙasar gyaɗa ba ce sosai. Abin da ya rage mata shi ne tsohon cinikinta na gero da gishiri da dabbobi, wanda bai mutu ba har yau, da kuma raƙuma. Jikokin waɗanda suka kai kaya Gat suka koma dakon buhunan gyaɗa zuwa bakin jirgi a lokacin kaka, har ranar da manyan motoci suka karɓe wannan ma. A 1926 kuma aka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram aka mai da shi Yamai. Ana ambaton ƙarancin ruwa, ana kuma ambaton cewa Damagaram ta cika kusa da Kano ta Ingilishi. Ga shi har yau, da na zo zaɓen filin jirgin sama, Kano na zaɓa, domin kimanin kilomita 240 ce daga Damagaram, Yamai kuwa kusan 900.

Da na kawo wa mahaifiyata wannan labari, sai ta katse ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Malam, kai kana ta zancen gyaɗa. Ai kakana ya hau jirgin nan tun ba a haifi ubanka ba, kuma ba a Kano ya hau ba."

Gaskiyarta. Mutanenmu na farko da suka shirya tafiya mai zanguna da yawa da jirgin ƙasa a cikinta alhazan ƙafa ne. Hanyarsu gabas ta yi: ta Borno, ta Fallomi, ta Abashe a ƙasar Wadai, ta Jinaina da Fashir a Darfur, har Al-Ubayyid a Kordofan. A 1912 dogon Sudan ya iso Al-Ubayyid, kusan lokaci ɗaya da na Kano. Daga nan mai kuɗin tikiti na iya hawa ya ƙetare Farin Nilu a Kosti, ya bi ta Sinnar da Wad Madani da Khartum, ya kai gaɓar Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. A 1959 layin ya ƙara matsowa yamma har Nyala. Sai dai yawancinsu ba su da kuɗin, don haka kowane zango wurin neman na gaba ne. A yi damina a gari ana noma, a yi rani ana ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babban wurin tara kuɗin jirgi. Wasu sun tara sun wuce, wasu sun yi aure sun zauna, jikokinsu suna can ana ce musu Fallata ko Takari. Kusa da Sinnar akwai garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, alhazai da yawa a nan suke yada zango.

Kakan Inna, a yadda ake ba da labari a gidanmu, shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, kuma a cikin bakwai ɗin nan kwanakin da ya yi a tarago ba su cika mako ba. Amma su ya fi ba da labari har ya rasu. Wai ya ce abin da ya ba shi mamaki ba gudun ba ne, a'a, abin hawa ne da ba ya jiran kowa, ko da liman ne bai idar da salla ba.

Bayan samun ƴancin kai ma labarin bai sake ba. Layin da Faransawa suka faro daga Kwatano ya kai Faraku a 1936, kilomita 438, ya tsaya nan, da sauran fiye da kilomita 300 kafin a ga kogi a Gaya. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro tsarin da zai janye gyaɗar Nijar daga hanyar Kano ya bi da ita ta Dahomey, mota zuwa Faraku, jirgi zuwa teku, a 1959 kuma aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu don tafiyar da layin. Wato Nijar ta zama mai rabin jirgin ƙasan da ba ya shiga cikinta. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, aka zo yin kwalta a ƙarshen shekarun 1970, ta Tawa aka bi da ita, aka sake barin Damargu a gefe. A watan Janairu na 2016 Shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, kimanin kilomita 140. An yi biki, sai rigimar shari'a ta taso kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin, layin bai haɗu da na Faraku ba, bai kuma taɓa yin jigilar yau da kullum ba.

Akwai wani ɗan lissafi da nake ba ɗalibai. Faɗin dogon da Faransawa suka shimfiɗa milimita 1,000 ne, na Ingilishi a Najeriya milimita 1,067. Bambancin bai wuce tsawon yatsa ba, amma ya isa ya hana taragon wannan hawa layin wancan. Kowa ya gina nasa ne ya kwashi kaya zuwa tasharsa ta ruwa, ba wanda ya yi tunanin mutumin Tanut da ke son zuwa ganin ɗan'uwansa.

Yanzu ido yana kan layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza tubalinsa a watan Fabrairu na 2021, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a kan sabon faɗi na milimita 1,435. Ina yi wa Maraɗawa murna tun daga zuciya. Amma mai karanta tarihin 1911 dole ya tambaya: in jirgi ya fara tsayawa a Maraɗi, ina dabbobin Belbeji da Tarka za su fuskanta? Ina ɗan kasuwar Agadas zai sauke kayansa? Mu da matatar mai ta SORAZ take cikin gundumarmu tun 2011, a ƙasar Olelewa, har yau tankoki ne ke kwasar man suna farfasa kwalta. Ban ji ana wannan muhawara a majalisun garuruwanmu ba, kuma yaran da muke koyarwa yau su za su zauna da sakamakon.

Mu koma ga takardata. Jirgin Haramain an buɗe shi a 2018, kilomita 450 tsakanin Makka da Madina, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, yana tsayawa a Jidda cikin gari da filin jirgin sama da wata tasha kusa da Rabig. Tikitin da suna da lambar kujera yake zuwa, ta intanet ake saye, a lokacin cunkoso kuma wanda ya yi jinkiri ba ya samun sa'ar da yake so. An ƙayyade yawan kaya, abin da ya sa na yi kwana uku ina lallashin Inna ta rage ƙullin kilishi da dakakken yaji. Tashoshin Makka da Madina ba a bakin Harami suke ba, sai an ƙara da mota. Mai tahowa daga Madina kuma ya sani jirgin ba ya tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, don haka tun a gida na tambayi malaminmu yadda za mu yi da harami, muka shirya kafin mu shiga.

Duk wannan na lissafa daidai. Inda na faɗi shi ne zangon farko. Na bar awa biyu kacal tsakanin saukar jirginmu a Jidda da tashin na Madina, ban kuma lura cewa tashar jirgin ƙasan tana sabon ginin filin jirgi ba, mu kuwa a wani gini daban aka sauke mu. Kafin a duba fasfo, a ɗauki kaya, a sami motar da za ta zagaya da mu, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, jirgi ya yi nisa. Na sake sayen tikiti uku, muka zauna jira har bayan la'asar. Inna ba ta ce mini komai ba sai da muka zauna a kujerunmu, sannan ta ce, "Da kakana ne madugun nan, da kwana guda zai bari a Jidda."

A Madina na kai yaron ya ga ginin tsohuwar tashar Anbariyya, ƙarshen dogon Hijaz da Sarkin Turkiyya Abdulhamid na biyu ya faro daga Dimashƙa a 1900, ya iso Madina a 1908. Bai taɓa kaiwa Makka ba, aka lalata shi a Yaƙin Duniya na Farko, Madina ta yi kusan shekara ɗari ba jirgi. Na ga alama wannan ya ɗan sanyaya masa rai.

Daga Madina zuwa Makka, tafiyar da ayari ke yi a kwana goma ko fiye, ba mu cika awa uku ba. Shi yaron ya manne da taga yana karanta lambar gudu a allon da ke saman ƙofa. Ita kuwa Inna ƙorafinta shi ne an sauke ta tun ba ta gama sanin ƴar Indunusiyar da ke kusa da ita ba, ko sunan garinsu ba ta kai ga tambaya ba.

Da muka dawo, daga Damagaram zuwa Tanut, kimanin kilomita 150, mun fi daɗewa a mota fiye da yadda muka yi tsakanin biranen biyu, muna bin bayan tankoki. Kwana biyu da isowarmu na tarar yaron ya ɗauki taswirar da nake shiga aji da ita, ya ja layi da jan biro daga Kano zuwa Damagaram, ya bi ta Tanut da Adarbisanat har Agadas, ya fitar da ɗan reshe zuwa Belbeji. Yana tambayar kakarsa inda ya kamata a sa tashar Tanut. Ta ce a sa ta kusa da kasuwar dabbobi, amma a bar fili tsakani, don kada kukan jirgi ya firgita raƙuma.